Yaƙin da Ba a Jin Ƙararsa

Kun taso tun daga Karewa har Damare, kun same ni ina tsinkar kuɓewa, wai in ba ku ƙarar fashewar kumbo saboda fim ɗin yaƙin sararin samaniya da kuke haɗawa a kwamfuta. Ɗayanku ma ya ce ai aikin sauti ba wani aiki ba ne yanzu, a waya ake sauke komai, gaisuwa ce kawai ta kawo ku. Na gode da gaisuwar. Ban ba ku amsa a ranar ba don rana ta take kuma kuna sauri, shi ya sa na zauna na rubuta muku. Ni ma na taɓa yin yaƙin sama, a rediyo, kuma shi ne aikina na ƙarshe.

Ni ɗan cikin garin Yola ne, daga gidan malamai, inda ba wanda ya taɓa jin an biya mutum albashi don ya iya kukan ƙyaure. Masinja aka ɗauke ni a wani gidan rediyo a Jimeta. Wata rana aka aike ni ɗakin wasan kwaikwayo, na tarar da wani gajeren dattijo a durƙushe, ya zura hannuwansa cikin takalma yana tafiya da su a kan farantin tsakuwa. Shi ne Baba Istifanus, mutumin Ganye, mai haɗa sautin gidan. Na tsaya ina ƙyalƙyala dariya. Bai ɗago ba sai da ya kai takalman ƙarshen faranti, sannan ya ce, "Kai mai dariya, wanda ya wuce yanzu, tsoho ne ko yaro?" Na ce tsoho ne, kuma ƙafarsa ɗaya tana ciwo. Ya ce in na gama rabon takardu in dawo.

A darasin farko bai ba ni komai na riƙe ba. Ya shigar da ni ɗakin, ya ja ƙofar nan mai nauyi, ya ce, "Me ka ji?" Na ce ban ji komai ba. Ya ce, "Kunnenka yana barci. Je ka, sai gobe." Haka muka yi ta yi har na fara jin haushinsa. Ran da na ce ina jin zizar doguwar fitila, da iskar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, da kukan cikina, ran nan ya ba ni kujera. Ya ce kowane ɗaki da irin shirunsa, na coci daban, na masallaci daban, na asibiti daban. Muna da faifan tef guda wanda ba komai a kansa sai shirun ɗakinmu. Da shi muke cike tsakanin maganganun 'yan wasa, don kada mai sauraro ya ji kamar an kashe masa rediyo.

Kayan aikin kuwa, da kun gan su sai ku rantse daga bola aka kwaso. Fallen kwanon rufi a rataye, shi ne tsawa. Ledar biskit, ita ce gobara. Garwa da buta, su ne kogin Binuwai da kwalekwalensa. Akwai ƙaramin ƙyaure a kan katako, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, amma duk gidan da aka shiga ko aka fita a wasanninmu ta nan aka bi.

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kwanon rufi ya taɓa kawo talla, yana so a ji ruwan sama na sauka a kan kwanonsa. Damina ce, na ce abu ya zo da sauƙi, na fitar da makirfo waje na ɗauko ruwa na gaske. Da muka kunna masa sai ya yamutsa fuska ya ce, "Oga, wetin be dis? Doya kuke soyawa?" Sai Baba ya tashi. Ya aika aka auno gero, ya riƙa zuba shi a hankali a kan faranti. Mutumin ya miƙe yana tafi, yana cewa wannan shi ne ruwa. Bayan ya tafi Baba ya ce mini, "Umaru, ba abin da ya faru muke ba mutane ba. Abin da kunne zai yarda da shi muke ba su." Na riƙe wannan magana shekara da shekaru, na ci abinci da ita.

Sai yanka. A lokacinmu in za ka cire tari ko kuskure, sai ka murza faifan da hannu har ka gano wurin, ka yi alama da farin fensir, ka sa reza. Doka ɗaya Baba ya kafa mini a nan: kada ka taɓa yanka a miƙe. A karkace ake yanka, don sauti ya shige cikin ɗan'uwansa ba a ji mahaɗi ba. In ka yanka a miƙe, magana tsayawa take cak, mai sauraro ya zabura. Ya sha buge mini hannu a kan wannan.

Ranar ɗaukar wasa ɗakin nan ba masaka tsinke. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, mawaƙan coci, samarin cikin gari, ana Hausa ana Fulatanci ana Turanci, ana rabon ƙosai a takarda, Baba yana zagin duk wanda ya kusanci makirfo da mai a hannu. Ni ban yi aure da wuri ba, kuma ban taɓa jin na rasa mutane ba.

Shekarar da abubuwa suka lalace, a jere suka zo. Baba ya kwanta 'yar gajeruwar jinya ya rasu. Aka kawo kwamfuta mai ɗauke da tsawa da gobara da kukan kowace irin dabba. Aka daina ba 'yan wasa kuɗin mota, su ma suka daina zuwa, ban kuma ga laifinsu ba. Sabon tef ya yanke, sai dai a goge tsoho a ɗora labarai a kai. Har wani sabon mai shara ya ji ƙaramin ƙyaurenmu yana kuka, ya yi masa alheri ya zuba masa mai. Kullum da safe sai in buɗe ɗakin, in share, in zauna. Wani lokaci har a tashi ba wanda ya turo ƙofar. A nan na san kaɗaici, kuma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Manaja ya kira ni ya ce ba zai ɓoye mini ba, sito za a mayar da ɗakin namu. Amma akwai wata malama da ta kawo wasa don filin yara na ranar Asabar bayan la'asar. In wasan ya karɓu har mutane suka nemi ƙari, zai bar mini ɗakin. In bai karɓu ba, in kawo makulli.

Sunanta Madam Rahila, malamar kimiyya ce da ta yi ritaya, a Karewa take, unguwarku. Da na ji wasan na yaƙi ne tsakanin kumbuna a sararin samaniya, sai na ce Allah ya kawo ni gida. Na yi kwanaki ina shiri. Na samo bututun roba ina juya shi a sama yana gunji, na ɗaure waya a garwa ina tsinkawa tana yin ƙarar harbi, kwanon tsawa kuwa ya sha duka. Ta zo da jakarta da laimarta, ta zauna ta saurari komai har ƙarshe, sannan ta cire tabarau.

"Malam Umaru, ka yi ƙoƙari. Amma duka wannan ba zai shiga ba."

Na ce wanne daga ciki?

"Duka. Babu iska a can. In babu iska, ƙara ba shi da abin da zai hau ya zo kunnenka. Ko dutsen Bagale ne ya fashe kusa da kai, ba za ka ji ba."

Na ce to Madam, a yi harbi mana, jiragen su riƙa bin juna suna kaucewa. Ta yi dariya ta ce ba shaho da kaza ba ne. Ta ce kumbo in ya miƙa ya miƙa ke nan, ba ya juyawa yadda ya ga dama, in ma zai tsaya sai ya juya baya ya yi ta turawa. Abokin gaba kuwa ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba, ɗigo ne kawai a kan gilashi, nisansa ya wuce hankali. Ba kuma wurin ɓuya, domin zafin injinka yana tona ka daga nesa. Zafin nan ma shi ne babban maƙiyi, tunda ba iskar da za ta kwashe shi, sai mutum ya dahu a cikin jirginsa kafin a taɓa shi. In an harbo maka makami yana iya yin kwanaki a hanya, kana ci kana sha kana jiransa. Kuma ba sai babba ba, guntun ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa ya isa, saboda gudun da yake yi.

Na ce to ina yaƙin yake?

Ta ce, "Yaƙin jira ne. Mutum ɗaya a cikin gwangwani, yana jin numfashin shi."

Sannan ta faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ta ce saboda nisa, ko magana ta rediyo ba ta isowa nan take. Abin da kake ji yanzu, tuntuni abokinka ya faɗe shi. Kana iya zama kana ba shi amsa, kana ba shi labari, alhali shi ya riga ya mutu, muryarsa ce kawai take kan hanya.

Na gaya mata gaskiya, cewa wannan wasa zai rufe mini ɗaki. Na ce mutanenmu in an ce yaƙi, so suke rediyo ya girgiza. Ta ce ta sani, amma ta ƙare ƙuruciyarta tana koya wa yara abu, fim yana rushewa a yini ɗaya, ba za ta zo da tsufanta ta taya fim ba. Ta ce in ba zan iya ba, ba komai, ta ɗauki takardunta. Na dubi kwanon tsawa, na dubi takardun. Tun rasuwar Baba ba wanda ya kawo mini aikin da ban san yadda zan yi shi ba. Na ce ta bar su.

Mutum biyu ne a wasan, soja yaro da soja dattijo, kowa a kumbonsa, suna gadi nesa da juna. Yaron ni zan yi. Dattijon ne babu, tunda ba ɗan wasa ko ɗaya. Ina cikin binciken kabad na ci karo da wani faifai da ya tsira daga gogewa don ya faɗa bayan katako. Na ɗora shi, sai ga Baba. Faifan gwajin makirfo ne, ba wasa a kai, sai maganganun aiki da yake yi mini ta cikin gilashi. "Kana ji na?" "Kada ka yi sauri." "Jira tukuna." "Zafi ya yi yawa a nan." "Na gan ka, ci gaba." Na zauna na ji shi har ƙarshe, na sake mayarwa. Da Madam ta ji, sai ta karɓi takardunta ta gyara maganganun dattijon suka dace da abin da ke kan faifan.

Amma ba tef ɗin da zan kwafa a kai, dole shi kansa zan yanka. Don haka na tafi Luggere wurin matarsa, Mama Saratu. Na same ta tana tsince wake a ƙofar ɗaki, 'ya'yanta duk suna wasu garuruwa. Na yi mata bayani. Ta ajiye waken, sannan ta ce, "Muryan shi ai ku ya ba tun yana da rai. A gida ba ya magana, sai ya ce ya gaji. Ka yi aikinka, ɗana. Ka faɗa mini ranan kawai."

Na yanka Baba gunduwa-gunduwa, na rataye kowace magana a jikin bango, na riƙa ɗaukowa ina jerawa. Sautin cikin kumbo kuwa, ba bututu ba garwa. Na kifa bokitin ƙarfe a kaina da makirfo a ciki, na yi numfashi. Na sa ƙaramar fanka daga nesa. Na bar cokali yana taɓa kofi jefi-jefi, don a san akwai mai rai a wurin. Magana ta ƙarshe a faifan ita ce wadda Baba ya saba yi in an tashi: "In ka gama ka kashe fitila. Ni zan tafi gida, Saratu tana jira na." A nan makami zai same shi. Na murza faifan har na kai farkon sunan, na ɗora reza, na yanka a miƙe. Hannuna bai so ba. Guntun da ya rage na jefa shi a kwalin ashana na sa a aljihu.

Bayan yankan ban sa shirun ɗakinmu ba. Wani guntun farin tef da ya rage na liƙa, wanda ba a taɓa ɗaukar komai a kansa ba.

Saura matsala ɗaya, Bappa Joda na ɗakin kwantirol. A gidan rediyo ba abin da ake tsoro kamar shiru. In allurar mitar sauti ta kwanta, kafin ka haɗiye yawu mai kwantirol ya danna kiɗan sarewa, haka aka horar da su, kuma Bappa ya tsufa yana alfahari da cewa iska ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba, wato tasha ba ta taɓa yin shiru ba. Da na gaya masa sai ya ce, "Kay, Umaru! Madam ɗin nan shi bai san rediyo ba, kai ma ka manta? Ni za a ba takardan kora." Na ce in an tambaya ni ne. Ya ce yatsansa ba ya jin Hausa, da kansa yake dannawa. Na ce to zan zauna kusa da yatsan.

Ranar Asabar na zauna a gefensa. Wasan ya tafi yadda muka tsara. Yaron yana ta surutu, yana ba dattijon labarin gida, da kifin da zai ci in an sallame su, dattijon yana amsawa a makare, "Kada ka yi sauri. Jira tukuna." Sai aka zo wurin. "Ni zan tafi gida, Sa..." Allura ta faɗi ta kwanta.

Hannun Bappa ya zabura, na cafke wuyan hannun. Yana ja ina ja, dattijo da shi, yana karanto addu'a a ƙasan maƙoshi. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ni da na yi rayuwata ina sauraron shiru. Ba fitila a cikinsa, ba iska, ba kowa. Wayar ɗakin ta fara ƙara, ba wanda ya ɗauka. Sai da na ji ni kaina ba zan iya ƙara jurewa ba, sannan numfashin yaron ya dawo a cikin bokiti, yana cewa, "Baba? Tun yaushe nake magana ni kaɗai?" Na saki hannun Bappa. Ya share fuska da hularsa, bai dube ni ba.

Ranar Litinin manaja ya kira ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce mutane sun yi ta bugowa suna tambaya ko wuta aka ɗauke mana. Wani mai shago ya ce ya yi cinikin batir ranar. Wani ya zo har ofis yana neman a gyara masa rediyon da ya bubbuga har ya fashe. Wanda ya nemi a sake irin wasan kuwa, ba ko ɗaya. Ya ce, "Malam Umaru, ka sa gari dukan rediyo." Na ajiye masa makulli a kan tebur. Kafin mako ya zagayo an goge faifan wasan an ɗora labarai a kai, daga nan aka koma kwamfuta gaba ɗaya, aka tura injin tef ɗin lungu aka jibga kujeru a kansa. Madam Rahila ta zo ta ba ni haƙuri, na ce ba ta yi mini komai ba, kuma har yau haka nake gani.

Sai da na kwashe kayana sannan na iya zuwa Luggere. Mama Saratu tana wurin da na bar ta, rediyonta a kan turmi. Ta ce yaran maƙwabta sun taru a wurinta ranar, da shirun ya zo suka ce batir ne, za su bubbuga. "Na ce kada wanda ya taɓa. Ba batir ba ne. Haka shi ma ya yi a ɗakin nan ran da ya rasu, yana cikin magana."

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Amma ka tsayar da shi a kan sunana. Ina sauran?"

Na laluba aljihu na fito da kwalin ashanar. Guntun tef ne ruwan ƙasa, bai fi tsawon tafin hannu ba. Ta karɓa ta ɗaga shi a rana tana juyawa, kamar za ta ga rubutu a jiki.

"Me ya ce a nan?"

Na ce ya ƙarasa sunanki, ya ce kina jiransa.

"Za ka sa mini in ji?"

Na ce injin da zai karanta shi yana ƙarƙashin kujeru a ɗakin da aka kulle, kuma ban san wani irinsa a garin nan ba. Ta gyaɗa kai. Ta naɗe shi a hankali a kan yatsa, ta ƙulle a bakin zaninta, ta ci gaba da tsince wakenta.

To, kun ji abin da na sani game da yaƙin sama. Ƙarar fashewa kam ku sauke a waya, ta fi wadda zan yi muku da kwano, kuma mutane za su so ta. Amma in akwai wanda zai iya a cikinku, ku da kuka san inji, ku bincika mini ko har yanzu akwai mai tsohon injin tef mai faifai a wani wuri. Mama Saratu tana nan da ranta a Luggere, kunnenta ɗaya yana ji, kuma ƙullin yana nan a bakin zaninta.